Ƙararrawar Baba

Litinin, 3 ga Oktoba

An fara. Zaman farko na kwamitin bikin bana, a saman ɗakin karatu, fanka ɗaya, ita ma kuka take. Shugaban kwamiti, wanda a bayan idonsa muke kira Malam Ajanda, ya iso a makare, ya buɗe taro da faɗa a kan makara. Bana bikin fasaha da al'adu na garin nan ke cika shekara ashirin da biyar, saboda haka komai sai an ninka shi. Rumfunan masu zane, layin masu littattafai, 'yan wasan kwaikwayo, makaɗa, a kuma rufe titin gaban tsohuwar maɗaba'a har a tashi. Kamfanin wayar da ya ɗauki nauyi yana son tambarinsa a jikin komai, goshinmu ne kawai bai nema ba tukuna.

Ni dai aikina bai canja ba. Teburi a hagun dandali, kujera, ƙararrawa.

Can ƙarshe Ajanda ya ce ya yi wani tunani mai kyau. Duk ranar da ya faɗi haka sai gabana ya faɗi. Wai Baba ne zai buɗe biki, ya hau dandali ya ba da labarin yadda aka fara, tunda cikin waɗanda suka kafa bikin shi kaɗai ya rage. Duk suka juyo suna kallona. Na ce ai ba ni ce bakinsa ba, su je su tambaye shi. Mutumin da tun da ɓarin jikinsa ya shanye kalma ɗaya sai ya tauna ta kafin ta fito.

Laraba, 5 ga Oktoba

Ya amince. Yo da ma. Baba ya ji an ce dandali?

Asabar, 8 ga Oktoba

Ajanda ya sa ni rubuta tarihin biki don ƙasidar da za a raba wa baƙi. Na rubuta musu mai daɗin, na haɗin kai da kishin gari. Na gaskiyan ga shi nan, kada ni ma in fara yarda da wancan.

Hukuma ce ta mayar da zauren taro ɗaya tilo na garin nan ma'ajiyar siminti. Baba yana malamin makaranta lokacin, ya gama koya wa ɗalibansa wani wasan kwaikwayo da ya rubuta, babu inda za su nuna shi. Amininsa Mai Ɗab'i ya ce ga farfajiyar bayan maɗaba'arsa, ya buga sanarwa a bayan takardun da suka lalace, aka aro bencina daga makaranta. Don kada a ce wasan Baba kaɗai aka tara mutane kallo, sai suka ce duk mai wani abu ya zo ya nuna. To fa. Wani mawaƙi ya hau ya ƙi sauka, mutane suka yi ta zamewa ɗaya-ɗaya, kafin ɗaliban Baba su fito bencina ne suka rage. Haushin wannan rana ne ya haifi bikin nan. Da shekara ta zagayo Baba ya zo da ƙararrawar makarantarsu, ya kafa doka. Babu agogo. Mai ƙararrawa ke duban fuskokin jama'a, in ya ga sun gaji ya kaɗa. Da an kaɗa dole kowa ya tafa har mai abu ya sauka daga matakala, kafin nan kuwa ba mai tafi, ba mai hawa ya taɓa shi. Har yau haka ake yi. Shi ya sa ba a taɓa yi wa kowa ihu a bikinmu ba, ana korar ka ana tafa maka.

Ga kuma abin da ba zai shiga ƙasida ba. Ina shekara goma sha bakwai na hau da waƙar da na rubuta da kaina. Ban kai rabi ba ya kaɗa. Ubana. Na dube shi, ko ɗago kai bai yi ba. Aka tafa min har ƙasa, na shige bayan injin ɗab'i na yi kuka kamar raina zai fita. Da muka koma gida ya tambaye ni ko na ga inda ya ajiye makullinsa. Iyakar maganar da aka yi ke nan, kuma ban sake rubuta baiti ɗaya ba.

Da hannunsa ya fara rawa aka miƙo min ƙararrawar, wai na gaji idonsa. Na gada kam.

Talata, 11 ga Oktoba

Lokacin gaisuwa ya zo. Duk wanda zai hau dandali bana ya tuna ina raye. Yau mawaƙin nan mai dogon gashi ya shigo kantin maganin da nake aiki, wai mura ke damun sa, hancinsa a bushe ƙarau. Ya tafi ya bar min kwalbar turare a kan kanta. Turaren mai kyau ne. Shi zan fesa ranar da zan kaɗa masa.

A nan dai ba na jin kunyar faɗa, ina son aikin nan. Wannan ɗan tsakanin da nake ɗora hannu a kan mariƙin ƙararrawa ban ɗaga ba tukuna, mutum yana satar kallona ta wutsiyar ido yana ƙara sauri, yana tsallake layi. Manyan mutane masu gemu. Wallahi ba abin da ya kai shi daɗi.

Alhamis, 13 ga Oktoba

An kawo ƙyallen da za a rataya a bakin titi. Hoton Baba ne yana matashi, suma cike da kai, yana dariya. Na san hoton, a bangon ɗakinsa yake, su biyu ne da Mai Ɗab'i. Yaran kamfani sun yanke Mai Ɗab'i don tambari ya samu wuri. Hannunsa kawai ya rage a kafaɗar Baba, yatsu huɗu baƙi ƙirin da tawada. Na nuna wa Ajanda, ya ce wa zai lura.

An yi rigima a kan kujeru, an yi rigima a kan janareta. Masu zane ba sa son a ajiye su kusa da makaɗa, makaɗa sun ce su ma ba sa son warin fenti. Kowace shekara wannan rigimar, da mutanen nan, da kalmomin nan.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Na leƙa gidan Yaya, inda Baba yake zaune a ɗakin baya tun da ya kwanta ciwo. Matar Yaya ta tare ni a tsakar gida tana murna, wai Baba ya warke da labarin bikin nan, yana cin abinci, har aski ya nema. Ta wanke masa farar rigarsa ta goge ta rataye a ƙofar kwaba, ba ya bari kowa ya taɓa.

Na same shi tsaye gaban madubi da sandarsa yana gwada jawabi. Ya ƙi a rubuta masa, wai shi da ya koya wa mutane haddar wasa ba zai hau da takarda ba. Girman kan nan dai ciwo bai taɓa shi ba. Labarin yana nan a kansa daram, sunaye ne ke kufce masa. Ya kira matar Yaya da sunan Mama, ita kuma ta amsa.

Ya ce in zauna in ji. Na ce ina sauri.

Laraba, 19 ga Oktoba

Gwaggo ta zo sayen maganin hawan jini. Matar marigayi Mai Ɗab'i, ba gwaggona ba ce ta jini, amma a hannunta na yi rabin ƙuruciyata. An ba ta kujera a sahun gaba, tana ta zumuɗi za ta ji an ambaci mijinta a lasifika. Ban gaya mata zancen ƙyallen ba.

Hira ta kai mu shekarun baya, sai ga ta da zancen ranar da na hau. Wai tana tuna ni, 'yar siririya, takarda na karkarwa a hannuna har ana jin ƙararta, na maimaita layi ɗaya ban sani ba, samarin baya sun fara ƙyaƙyata. Wai ta ce a ranta Allah ya sa malam ya kaɗa kafin yarinyar nan ta faɗi.

Ƙarya ne. Ko tsufa. Ni na tsaya a wurin, na fi ta sanin yadda muryata take. Na ƙulla mata maganinta na ce ta rage gishiri.

Juma'a, 21 ga Oktoba

An kafa komai. Titi a rufe, direbobi na ta zagi, rumfuna sun tashi, Mai Sauti na ta ɗaya-biyu ɗaya-biyu tun safe har kaina ya fara sarawa.

Da yamma Yaya ya kawo Baba ya ga dandali. Ya hau matakala da kansa, ya ƙi a riƙe shi, ya tsaya a tsakiya yana kallon kujeru ba kowa. Ya daɗe. Da ya sauko sai ya nufo teburina, ya shafa ƙararrawar, ya gyara mata zama kamar ni ban iya ajiye ta ba. Ya waiga ya ga Yaya ya yi nisa, sannan ya rage murya.

"Auta, gobe ki sa min ido. In kin ga na fara lalube, ki kaɗa. Kada ki bari su gane."

Na ce to, Baba.

Tun da nake ban taɓa jin ya roƙi wani abu a wurina ba. Ko ruwa, cewa yake a kawo.

Asabar, 22 ga Oktoba

An buɗe. Yau ba zan rubuta ba.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Jiya da kyau Baba ya fara, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Wuri ya cika har kan titi, rana ta yi sanyi, ga shi cikin farar riga. A hankali yake magana amma kowace kalma ta fito. Ya faɗi simintin da aka jibge a zaure, aka yi dariya. Ya faɗi bencinan aro da mawaƙin da ya ƙi sauka, aka sake yin dariya, daidai inda ya so. Na ga ya ɗaga ƙirji. Shi ne dai, mutumin da na sani.

Sai ya ce, "Duk wannan da ba don aminina ba, mai wannan maɗaba'a, Allah ya jiƙansa, wato..."

Ya tsaya.

Ya sake cewa wato. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fitowa. Mutumin da suka yi rayuwa tare, wanda ya riƙe masa kai ranar da Mama ta rasu. Gwaggo daga sahun gaba ta faɗi sunan, muryar tsohuwa, ina zai ji, ga kunnensa ɗaya ya mutu. Ya waigo hagu ya dube ni. Hannuna yana kan mariƙi. Na ɗauke shi na ɗora a cinyata, kuma ya ga lokacin da na ɗauke.

Daga nan ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Tsofaffin 'yan biki duk ni suke kallo. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya tashi, don a wurin nan ba a taɓa sauko da mutum ba tare da ƙararrawa ba, ba su ma san yadda ake yi ba. Dokarsa ce ta ɗaure su. Ajanda yana ta yi min alama da hannu kamar mai korar ƙuda, na mayar da idona kan ƙasida. Baba ya koma baya ya kamo zancen bencina, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa, ya sake waigowa. Miyau ya fara zubowa ta gefen bakin da ya karkace, ya ɗiga a farar rigar.

Samarin baya suka fara taya shi da sunaye, kowa na jefo wanda ya zo bakinsa. Wani ya ƙwala sunan wani ɗan ƙwallo. Baba ya cafke shi da murna, ya faɗe shi a lasifika, har da Allah ya jiƙansa. Wurin ya fashe. Ihu, fito, wayoyi a sama. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi.

Mai Sauti ne ya kashe lasifika, Yaya ya haye ya kamo hannunsa. Ba tafi. Ana jin sandarsa a kan katako har ya kai ƙasa. Ta gaban teburina suka wuce, bai dubi inda nake ba.

Me na ji? Daɗi. Na ɗan lokaci, daɗi sosai, har cikin haƙorana. Ban zo nan in yi wa kaina ƙarya ba.

Litinin, 24 ga Oktoba

An tashi biki. Yau duk wanda ya hau na kaɗa masa da wuri, har wanda jama'a ke so. Mai dogon gashi ko gama gyaran murya bai yi ba na kaɗa. Turaren nasa kuwa na ba mai shara.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Bidiyon ya zaga gari. An yanko daidai wurin, an sa masa kiɗa. A kanti yau wasu 'yan mata biyu suna jiran magani suna kallo, ɗaya ta ce wa ɗayar wato, wato, suka kwashe da dariya. Ba su san ni ba. Na ba su maganinsu, na ce sau uku bayan abinci.

Gwaggo ta aiko jikarta sayen magani. Ba ta taɓa aike ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Yaya ya zo har ɗakina, bai zauna ba. Ya ce Baba ya daina fitowa ƙofar gida, yaran unguwa suna wucewa suna wato wato. Abinci sai an yi da gaske. Ya tambaye shi abin da ya faru tsakaninmu, Baba ya juya fuska bango.

"Ke, me ya yi miki? Gaya min, me tsohon nan ya yi miki?"

Na ce ya tuna ranar da na hau da waƙata. Ya dube ni ya ce wace waƙa. Da gaske yake, bai tuna ba. Na ce ya ja min ƙofa in zai fita.

Duk shekarun nan ashe ni kaɗai nake ɗauke da abin nan. To sai me. Don ba su tuna ba ai ba shi ke nuna ba a yi ba.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Zaman rufe biki. Ajanda bakinsa har kunne, wai ba a taɓa maganar bikinmu kamar bana ba, kamfani ya ce baɗi ma yana nan. Ya kira abin da ya faru ɗan tangarɗa. An yanke shawara daga baɗi za a sa agogo mai jar fitila a gaban dandali, lokaci ya cika lasifika ta mutu da kanta. Ƙararrawa kuma za a sa ta a akwatin gilashi a ɗakin karatu, da ɗan bayani a ƙasa. Suka nemi in rubuta bayanin.

Aka yi min godiya bisa hidimar shekaru. Har tafi suka yi.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Matar Yaya ta kira, maganin Baba ya ƙare. Na ce ta turo a karɓa. Ta ce ba ta da ɗan aike. Ƙarya take, gidan cike da yara.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Na kai maganin da kaina, tunda hanyata ce. Niyyata in miƙa a tsakar gida in juya. Matar Yaya ta nuna min ɗakin baya da haɓa ta ci gaba da wanki.

Ƙofar a buɗe take kaɗan. Yana zaune a bakin gado, ya rame, gemu ya fito ba a aske ba, yana fuskantar madubi. Jawabin yake yi. Siminti, bencina, mawaƙin da ya ƙi sauka, har yana barin ɗan fili inda aka yi dariya. Ya zo kan aminina mai wannan maɗaba'a, ya ce wato, ya tsaya. Ya waiga hagu, inda ba komai sai kujerar roba da tawul a kai. Ya jira. Sannan ya koma farko. Matar Yaya ta ce min daga baya haka yake wuni tun ranar, sun sha faɗa masa sunan, ba ya karɓa daga bakinsu.

Na tsaya a ƙofa har ƙafata ta yi tsami. Tsamin ne ya sa na shiga, na ɗauke tawul na zauna, ai nan kujerar take. Bai nuna ya gan ni ba. Da ya sake zuwa wurin ya waigo, na matsa kusa da kunnensa mai ji na faɗa masa sunan.

Ya dube ni sosai, ya daɗe yana dubana. Sai ya mayar da fuska ga madubi ya koma kan siminti.

Gobe kanti a rufe yake. Zan zo da reza, gemun nan ba kyan gani.